Shin Sulhu Yana Tsufa? Yarjejeniyar Kaduna ta 2002 a Ma'aunin Shari'a

 

Ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka zauna a birnin Kaduna suka sa hannu a kan takardar da aka fi sani da Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna. Gwamnan da aka yi abin a zamaninsa ɗan wannan yanki namu ne, Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi. Daga saukarsa a 2007 zuwa yau mutum biyar suka hau kujerar: Namadi Sambo, Patrick Yakowa, Mukhtar Ramalan Yero, Nasir El-Rufa'i da Uba Sani. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da aka sa hannun, yau ya isa aure, wataƙila ma bai taɓa jin labarin takardar ba. To a nan tambaya take: sulhun da aka ƙulla bayan an zubar da jini yana da ranar ƙarewa? Yana bin waɗanda suka ƙulla shi zuwa kabari, ko kuwa bashi ne da 'ya'ya ke gada?

Mutumin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan na iya cewa ai rigimar can Kaduna aka yi ta. Sai dai rakenmu da tumatir da barkono ba a gona suke kwana ba, motocinsu kullum suna kan hanyar Zariya da Kano da Kaduna har zuwa Kudu. Lokacin da wuta ta kama a Kaduna a Fabrairun 2000, ramuwar gayya sai da ta kai Aba, inda aka kashe 'yan Arewa masu neman halaliyarsu. Kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi na tara ɗalibai daga ko'ina cikin jiha. A ƙauyukanmu kuma akwai Hausawa Kirista da Maguzawa, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke shan ruwan rafi ɗaya. Duk abin da ya taɓa wannan yarjejeniya, gidajenmu ya taɓa.

Abin da ya haifi takardar

A watan Fabrairu da na Mayu na shekarar 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna a kan batun aiwatar da Shari'a. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 suka rasa rayukansu. Garin ya rabe biyu, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi suka karkata arewacinsa, Kirista suka karkata kudancinsa.

Gwamnatin Maƙarfi ta ɗauki matakai biyu manya. Ta ƙirƙiro sababbin masarautu ga al'ummomin kudancin jihar da suka daɗe suna kukan a ba su nasu sarakunan. Sannan a Nuwamban 2001 ta fara aiki da tsarin kotuna uku: na Shari'a ga Musulmi, na gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, da kotunan majistare da aka saba da su. A kan wannan shimfiɗa ce Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye, mutane biyu da suka taɓa zama abokan gaba a rikicin baya, suka yi ta kai gwauro suna kai mari har shugabannin ɓangarorin biyu suka amince su zauna.

A taƙaice, masu sa hannun sun yi tir da zubar da jini da sunan addini, sun ɗauki alƙawarin hana tunzura jama'a, da tarbiyyantar da matasa a kan girmama juna, da taimaka wa jami'an tsaro, da kafa kwamitin haɗin gwiwa na dindindin. Abin lura ga ɗalibin fiƙihu shi ne ba su yanka wa alƙawarin wa'adi ba, kuma sun ambaci masu zuwa bayansu a ciki.

Alƙawari ba ya mutuwa da mutuwar mai shi

Bahaushe ya ce alƙawari kaya ne. Alƙur'ani mai girma ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika ƙulle-ƙullen da aka ɗaura, a Suratul Isra'i aya ta 34 kuma ya sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da alƙawarinsa. Misalin da ya zo a Suratun Nahli aya ta 92 kuwa, duk wanda ya tashi a gidan da ake kaɗi zai gane shi nan take: mai warware rantsuwarsa kamar macen da ta wuni da mazari tana kaɗa zare, da ya yi ƙwari sai ta zauna ta warware shi sala-sala. Ayar ta ma faɗi dalilin da yakan kai mutane ga haka, wato ganin wani ɓangare ya fi wani yawa da ƙarfi.

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa idan shugaba ya ƙulla sulhu sannan ya rasu ko aka sauke shi, sulhun na nan daram, kuma wajibi ne magajinsa ya cika shi. Dalili shi ne ba da sunan kansa ya ƙulla ba, da sunan jama'a ya ƙulla, ita kuwa jama'a ba ta mutuwa rana ɗaya.

Tarihi ya ajiye mana misali mai kyau, wanda Abu Ubaid ya kawo a littafinsa Al-Amwal. A shekara ta 28 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Usmanu (RA), Mu'awiya ya yi sulhu da mutanen tsibirin Ƙubrus. Bayan fiye da shekara 140, a zamanin Abbasiyawa, gwamnan bakin iyaka Abdulmalik bin Salih ya zarge su da karkata ga Rumawa, ya so ya warware sulhun. Bai yi gaban kansa ba, sai ya rubuta wa manyan malaman zamanin, cikinsu har da Imam Malik da Laisu bin Sa'ad da Sufyanu bin Uyaina. Imam Malik ya nuna cewa amanar mutanen Ƙubrus tsohuwa ce da gwamnoni suka gada suna kiyayewa, don haka kada a yi gaggawar warware ta sai hujja ta tsaya a kansu. Mafi yawan malaman suka tafi a kan a bar sulhun. Ya kai ɗalibi, duba da kyau: tsufan yarjejeniyar shi ne abin da Imam Malik ya kafa hujja da shi wajen ƙarfafa ta. Haka nan sulhun da Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarh ya ƙulla da Kiristocin Nuba a shekarar 652 Miladiyya ya rayu kimanin shekara 600, dauloli suna tashi suna faɗuwa a Masar.

Idan wannan ne hukuncin alƙawari da mutanen wata ƙasa da aka gwabza yaƙi da su, ina ga maƙwabcin da muke ƙasa ɗaya, jiha ɗaya, har da yare ɗaya? Kada kuma wani ya ce shi ba ya wurin da aka sa hannu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa amanar Musulmi guda ɗaya ce, mafi ƙanƙantarsu na iya bayar da ita ta hau kan sauran. Ranar buɗe Makka Ummu Hani (RA), mace ɗaya, ta ba da mafaka, Manzon Allah (SAW) ya zartar da ita. Balle alƙawarin da malamai suka ɗauka a bainar jama'a da sanin hukuma.

Me ke warware sulhu?

Ga inda masu saurin fushi ke kafa hujja. Wata uku kacal bayan sa hannu, a Nuwamban 2002, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tashi bayan rubutun ɓatanci da jaridar ThisDay ta buga, aka kashe kimanin mutum 250 a Kaduna. A Afrilun 2011 rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka fiye da 800 a jihohi 12 na Arewa, kuma Kaduna ce ta fi jin jiki. Sai su ce: ai tun a lokacin takardar ta zama tarihi.

Sulhun Hudaibiyya zai raba mana gardama. An ƙulla shi a shekara ta 6 bayan Hijira a kan ajiye makamai shekara 10. Cikin sharuɗɗansa akwai mai ɗaci: duk wanda ya gudo daga Makka zuwa Madina a mayar da shi. Ba a gama rubutu ba Abu Jandal ya iso cikin mari, aka mayar da shi Musulmi suna kallo zukatansu na ƙuna. Daga baya Abu Basir ya kuɓuce ya kafa sansani a bakin teku, yana tare ayarin Ƙuraishawa. Wannan bai warware sulhun ba, domin ba a ƙarƙashin ikon Madina yake ba, ba kuma da umarninta yake yi ba. Ƙarshenta Ƙuraishawa da kansu suka roƙi a janye wancan sharaɗin, aka janye shi da yardar kowa.

Abin da ya warware shi daban ne. A shekara ta 8 Banu Bakar suka auka wa Khuza'a, abokan ƙawancen Musulmi, cikin dare, wasu manyan Ƙuraishawa suka taimaka musu da makamai da mutane, sauran kuma ba su hana ba, ba su biya diyya ba, ba su barranta ba. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: idan wasu tsiraru suka yi ta'adi, jama'arsu da shugabanninsu suka barranta daga gare su a fili, laifin na kan masu shi, sulhu kuma na nan ga sauran. Yana warwarewa ne idan shugabanni suka sa hannu cikin ta'adin ko suka yarda da shi.

Da wannan ma'auni, wanda ya kashe rai a 2002 ko 2011 ya ɗauki zunubinsa da na cin amana a kansa, Musulmi ne ko Kirista. Amma babu ɓangaren da ya fito ya ce ya janye hannunsa daga yarjejeniyar. Kuma a Fabrairun 2006, sa'ad da rikicin zanen ɓatanci ya ci rayuka a Maiduguri da Onica, Kaduna da kowa ke tsoro ta zauna lafiya. Gini idan ya tsage, yaɓe ake yi masa. Kafa Yarjejeniyar Kafanchan a Maris 2016 tsakanin al'ummomi 29, da Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a 2017, duk yaɓe ne a kan tsohon gini.

Ko fita za a yi, tana da ƙofa

Shari'a ba ta ce Musulmi ya zauna a yaudare shi ba. Suratul Anfal aya ta 58 ta ba da mafita: idan alamun ha'inci suka bayyana, shugaba ya sanar da ɗaya ɓangaren a fili cewa alƙawari ya ƙare, har kowa ya san matsayinsa daidai wa daida. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Mu'awiya (RA) ya taɓa matsawa da runduna kusa da iyakar Rumawa ana saura kaɗan wa'adin sulhu ya cika, da nufin ya far musu da zarar ya cika. Sahabi Amru bin Abasa (RA) ya riske shi a kan doki yana kabbara, ya tunatar da shi hanin Manzon Allah (SAW). Mu'awiya ya juya da rundunarsa. Ko shirin mamaya a ƙarƙashin inuwar sulhu bai halatta ba, ina ga mamayar kanta?

Abu biyu ke cikin wannan. Na farko, fita daga sulhu aikin shugaba ne, ba na matasan unguwa ba, ba na mai riƙe da waya yana tura murya a WhatsApp ba. Na biyu, zato da jita-jita ba hujja ba ne.

Duniya ma a kan wannan ta tsaya. An dakatar da yaƙin Koriya da yarjejeniyar tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli 1953, kuma har yau ba a ƙulla cikakken sulhu ba. A Maris 2013 Koriya ta Arewa ta ce ta soke ta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amsa cewa tana nan da ƙarfinta, domin sharuɗɗanta ba su ba ɓangare ɗaya damar ficewa shi kaɗai ba. Takarda ce mai rauni, an sha keta ta, amma fiye da shekara 70 ke nan tana tsare miliyoyin rayuka.

Nauyin da ke kan hukuma

Sulhu ƙafa biyu gare shi: jama'a su ajiye makami, hukuma ta tsare su ta kuma yi adalci. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa gab da yaƙin Yarmuk, da Abu Ubaida (RA) ya ga ba zai iya kare garuruwan Sham da aka yi sulhu da su ba, sai ya sa aka mayar musu da kuɗin da aka karɓa, domin an karɓa ne a kan sharaɗin kariya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi bayanin hukunce-hukuncen amana da sulhu a Bayanu Wujubil Hijra, kuma a kan wannan ne aka san wasu al'ummomi a ƙasar Zazzau da sauran masarautu da zaman amana, suna biyan abin da aka yanka, ana tsare musu rai da dukiya.

Zazzau ta kuma ɗanɗana kishiyar haka. A 1902 Sarki Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse. Suka zo da sunan kariya suka kafa bariki a Zariya, ba a daɗe ba suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, daga Zariyar kuma rundunarsu ta tashi ta ci Kano a Fabrairun 1903. Alƙawarin tsaron da babu mai iya tilasta wa mai ƙarfi cika shi, rataye yake da imaninsa kawai.

A nan ne babban giɓin Kaduna yake. Suratul Hujurat aya ta 9 ta haɗa sulhu da adalci wuri ɗaya. Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2003 ya nuna cewa galibin masu kisan 2000 da 2002 ba su fuskanci hukunci ba, har da jami'an tsaron da aka zarga da harbe mutane. Maraya da ya girma yana ganin wanda ya kashe ubansa na yawo a kasuwa, da wuya wa'azin haƙuri ya ratsa shi. Hukumar da ke son jama'a su riƙe alƙawarinsu, ita ma ta riƙe nata.

Sulhun daji

Wannan ya kawo mu ga abin da ke gabanmu yau. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka buɗe kasuwar kara da ta shafe shekaru a rufe. Mutanen Kudan da ke maƙwabtaka da Giwa sun san darajar kwana ɗaya ba tare da ƙarar bindiga ba. Mutanen Ikara kuma ba su manta daren 1 ga Satumba 2023 ba, da aka buɗe wa masallata wuta a Saya-Saya, aka kashe mutum bakwai a harin.

Sai dai maƙwabtanmu sun riga mu bin wannan hanya. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi sulhu a 2019, a Yunin 2020 ya sanar da cewa an ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamban 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021 ya rantse da Alƙur'ani, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can kuma aka kashe shi.

Wajibi ne ɗalibai su bambanta. Ɗan fashi ba al'umma ba ce da ake yaƙi da ita, hukuncinsa na hiraba ne da ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 33 da 34. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta fayyace cewa wanda ya zo da tuba kafin a kama shi, haddin Allah ya faɗi daga kansa, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan. Gwamna na da ikon ba da amana idan ya ga maslaha, kuma idan ya bayar haramun ne ɗan sa-kai ko wani ya tare tubabbe a hanyar kasuwa ya kashe shi, ko ya auka wa rugar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Amma yafe jinin mamaci haƙƙin magadansa ne. Saboda haka sulhun da zai daɗe sai an rubuta sharuɗɗansa an sanar da jama'a, an karɓi makamai, an saki waɗanda ke tsare, an dubi zawarawa da marayu, an kuma faɗi abin da zai biyo baya idan wani ya saɓa.

Abin da ya rage gare mu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sulhun da aka bari a cikin akwati har ranar da rikici ya tashi, ba zai tashi ya kare kowa ba. Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya a Ikara da Paki da Maƙarfi da Hunkuyi da Kudan su riƙa karantar da babin alƙawari da amana kamar yadda suke karantar da tsarki da salla. Ya tabbata a Bukhari cewa wanda ya kashe mutumin da ke cikin amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa kowane mayaudari za a kafa masa tutar tonon asiri ranar Alƙiyama. Yaron da ya haddace waɗannan tun yana ƙarami, da wuya a ba shi galan ɗin fetur ya karɓa.

Muna kira ga hakimai da dagatai da arɗaɗɗai: duk sasancin da aka yi tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali ko mashaya ko ɓarnar gona, a rubuta shi, a sa shaidu, a ajiye kwafi a fadar hakimi, a kuma sake karanta shi a bainar jama'a kafin kaka ta yi. Sabon dagaci ya gaji sasancin wanda ya gada kamar yadda ya gaji rawaninsa.

Iyaye kuma, musamman mata da tarbiyya ke hannunsu, su gaya wa 'ya'yansu abin da ya faru a 2000 da abin da aka ɗauka a 2002, ba don tayar da tsohon miki ba, sai don su san cewa akwai alƙawari a wuyansu. Idan wani daga cikinmu ya yi ta'adi, mu riga kowa barranta daga aikinsa, mu miƙa shi ga hukuma, domin shirun jama'a ne ke mayar da laifin mutum ɗaya ya zama na gari duka. Haka muke nema daga maƙwabtanmu, haka kuma muke bin gwamnati bashin tsaro da adalci, da murya mai ladabi wadda ba ta gajiya.

Allah Ya sa mu cikin masu cika alƙawari idan sun ɗauka. Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya shiryi shugabanninmu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.